Nauyin Gwaggo

A kusurwar shagon kwafin takardu na Auta, tsakanin taga da tulin kwalayen farar takarda, akwai wani teburi da ya ga jiya ya ga yau. A kansa wata tsohuwar kwamfuta ce zaune, mai ƙaton ƙeya, da launin da a da can fari ne. Duk mutanen layin Gwaggo suke ce mata. Tela maƙwabcinsu ne ya laƙa mata sunan, don a cewarsa tashinta daga barci sak na gwaggonsa: sai ta yi tari, ta yi nishi, ta tsaya tana tunanin duniya, sannan in ta ga dama ta buɗe ido.

Mai kula da Gwaggo shi ne mahaifin Auta, wanda kowa ke kira Baba Sikeli. A gidan waya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a bayan kanta, yana awon wasiƙu da ƙunshin saƙonni. Aikin ya shiga jininsa har ta kai in ka miƙa masa abu, sai hannunsa ya ɗan yi sama da ƙasa da shi kafin ya riƙe da kyau, ko da kuwa jariri ne. Da ya yi ritaya aka bar masa ɗan sikelin wasiƙa da duwatsunsa na tagulla, ya zo da su gida. Da matarsa ta rasu gidan ya yi masa faɗi, sai Auta ta ce ya riƙa zuwa shago yana buga wa mutane 'yan takardu. Ya zo da sikelin ya ɗora a gefen Gwaggo, ko da yake babu abin da ake aunawa a shagon kwafi.

Da yatsu biyu yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar hatsi, amma ba ya kuskure. Sanarwar ɗakin haya, takardar neman aiki, gargaɗin kada a zuba shara a jikin katanga, duk ta hannunsa suke fita. Shi da Gwaggo kuwa sun daɗe da fahimtar juna. Da safe sai ya danna mata maɓalli, ya bar ta da tarinta, ya fita zagayen gaisuwa. Ya leƙa tela, ya tsaya wajen mai aski ya ji wanda aka haifa da wanda ya tashi daga unguwa, ya sha shayi a tsaye, ya yi wa mai shagon magani ƙorafin gwiwa. Kafin ya dawo Gwaggo ta wartsake tana jiran umarni. Babu mai gaggawa a cikinsu, don haka ba su taɓa saɓawa ba.

To, a 'yan watannin nan sai al'amarin Gwaggo ya fara wuce gona da iri. Baba ya gama zagaye ya dawo, ya tarar da wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar fuskarta. Ya ƙara zagaye na biyu, har mai aski ya fara tambayarsa ko ya manta wani abu ne. In ta buɗe ɗin ma, ya danna harafi, sai ya kai ƙarshen layi sannan haruffan su biyo baya da gudu kamar yaran da suka makara. Rannan wata mai gidan haya ta zo a buga mata sanarwa ta layi uku. Ta zauna, ta yi hamma, ta ba Baba tarihin duk 'yan hayarta, zoben nan yana nan yana juyawa. Daga ƙarshe ta miƙe ta ce za ta dawo, kuma ta taga Baba ya hango ta ta shiga shagon kwafin da ke ƙarshen layi. Auta ma ta gani, sai takardun da take jerawa suka sha bugu a kan kanta fiye da yadda suke buƙata.

Da yamma suna shirin rufewa ta faɗa masa. Ta ce ta sayi injin rufe takarda da leda, irin wanda ake sa takardar shaida a ciki ta fito tana ƙyalli, mako mai zuwa za a kawo shi. Shagon kuwa ga shi nan kamar akwati, babu inda injin zai zauna sai teburin kusurwa. In Gwaggo ba ta gyara halinta ba, mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya ɗauke ta.

"Abin da ba ya aiki, Baba, nauyi ne kawai," in ji ta, tana neman makulli a jaka.

Ita dai kwamfuta take nufi. Amma Baba ya dubi teburin, ya dubi kujerar da ke gabansa, wadda matashinta ya lotsa daidai zamansa. Kujera ai ta teburi ce. In teburi ya zama na inji, to da wane dalili tsoho zai wanke fuska ya sa hula ya fito kowace safiya? Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya koma gida ya tarar babu mai ce masa sannu da zuwa.

Washegari bai yi zagaye ba. Ya tsallaka titi kai tsaye zuwa ɗan kes ɗin mijin Auta, mai gyaran waya, wanda yake kira Injiniya. Injiniya mutum ne mai baki, in yana ciniki da samari har titi ake jin muryarsa, amma da ya ga surukinsa sai ya koma kamar an zuba wa gishiri ruwa. Ya miƙe har ya buge kai da kwan fitila, ya ba da kujerarsa, ya tsaya yana kallon takalmansa. A haka, da ƙyar, Baba ya tatso bayani daga bakinsa.

Ya ce Gwaggo lafiyarta lau, kaya ne suka yi mata yawa. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wato babbar manhajar da ke tashinta ta kuma tafiyar da sauran. Ta cikin Gwaggo kullum ana sabunta ta, kullum tana ƙara ƙiba, alhali Gwaggo tana nan yadda aka haife ta. Amma akwai waɗansu bayin Allah a duniya da ke tausayin tsoffin na'urori, suna haɗa uwar manhaja mara nauyi, suna sa ta a intanet kyauta. Iri-iri ne, sai an gwada an ga wadda ta fi rashin nauyi kuma ta karɓi Gwaggo.

Da jin kalmar nauyi sai fuskar Baba ta washe. Ashe magana ta zo gida. Ya ce a kawo su duka, sauran aikin nasa ne.

Bayan azahar Injiniya ya shigo shago da filashi uku a tafin hannu, kowanne da irin manhajar da ya sauko da ita. Ɗaya na ƙarfe ne mai sarƙa, ɗaya baƙi mai murfi, ɗaya kuma ɗan tsurut, kore, na roba. Yana shirin soka na farko a jikin Gwaggo, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya jawo sikeli, ya hure ƙurar farantan, ya goge su da gefen riga, ya jera duwatsun tagulla daga babba zuwa ƙarami. Sannan ya ɗora filashin ɗaya bayan ɗaya, yana kanne ido yana duban harshen sikelin, da irin natsuwar da ya saba yi wa wasiƙar da za ta ƙetare teku.

Injiniya ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi matarsa neman agaji, ita kuwa tana can tana fama da wani ɗalibi da ya kawo littafi guda a kwafe masa. Ya sake buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, “Haka ne, Baba.” Alhali Baba bai ce komai ba tukuna.

Koren ne ya ci gasar rashin nauyi, da nisa ma. Baba ya miƙa shi cikin alfahari ya ce a sa wannan. Abin da Injiniya ya sani, ya kuma haɗiye, shi ne a cikin ukun babu mai ƙiba kamar ta cikin koren. Ya sauko da ita ne don kawai a ga bambanci. Haka ya soka shi, ya tayar da Gwaggo daga kan filashin don gwaji. Sai ga furanni sun bayyana a fuskarta, ga tagogi masu sheƙi suna lilo, har tela da ya leƙo ya ce yau Gwaggo ta yi kwalliyar amare. Ba a jima ba fankar cikinta ta fara kuka kamar injin niƙa, 'yar kibiyar nuni da ke yawo a fuskarta ta tsaya cak a kan wani fure, daga nan ko motsi. Sai da aka zare mata wuta.

Baba bai zargi sikelinsa ba ko kaɗan. Sikelin da ya yi wa hukuma aiki shekara da shekaru ba zai fara ƙarya a kan ɗan roba ba. Ya kwana yana juya abin, da asuba kuwa ya gano kuskuren, har ya ji kunyar kansa. Wane ma'aikacin gidan waya ne zai auna ƙunshi bai cire nauyin kwali ba? Ai kwalayen ne suka bambanta, ɗaya ƙarfe, ɗaya roba. Dole a auna filashi babu komai a cikinsa, a zuba manhajar, a sake aunawa, abin da ya ƙaru shi ne nauyinta.

Ya sa aka kira Injiniya, ya zo da ƙaramar kwamfutarsa a hammata. Baba ya ce ya kwashe duk abin da ke cikin koren. Ya kwashe. Baba ya auna, ya daidaita duwatsu har harshen sikeli ya tsaya a tsakiya. Ya ce to a mayar da mai furannin. Aka mayar, ya ɗora. Harshen sikeli bai ko girgiza ba. Ya ce a cire ta a zuba wata. Aka zuba, ya ɗora, ya kashe fankar shago don kada iska ta yi masa shisshigi, ya sunkuya har hancinsa na taɓa faranti. Ko gashin gira bai ƙaru ba.

Ya daɗe yana kallon sikelin. Sannan ya ɗago ya dubi Injiniya, wanda gumi ya jiƙa wa wuyan riga ko da yake safiya ce.

“Ka san haka tun jiya?”

“Na sani, Baba.”

“To me ya hana ka faɗa mini, ka bar ni ina awon iska a gaban tela?”

Injiniya ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. “Nauyinku nake ji, Baba.”

Sai dariya ta ƙwace wa Baba, irin wadda ke zuwa da tari, har Auta ta waiwayo daga kan injin kwafi. Ya ce to ga shi nan, ashe nauyin da ba ya hawa sikeli ya kai biyu a shagon nan, na manhaja da na suruki. Yana cikin dariyar ya tuna da na uku, wanda Auta ta ambata tana neman makulli, sai dariyar ta yanke. Ya gyara hula ya ce wa Injiniya ya ajiye nasa nauyin a bakin ƙofa, ya jawo kwali ya zauna, ya yi masa bayani kamar yadda yake yi wa samarin da ke kawo masa waya.

Da Injiniya ya samu izini sai baki ya buɗe. Ya ce ƙwaƙwalwar Gwaggo kamar ɗan ƙaramin ɗaki ce. Wata manhajar baƙuwa ce mai zuwa da akwatuna da 'yan rakiya, kafin ta zauna ta cika ɗakin, mai gida ya rasa inda zai sa ƙafa. Wata kuwa da 'yar jakarta take zuwa ta raɓa a gefe. Wannan cin wurin shi ake kira nauyi. Ya ma nuna masa wani ɗan ma'auni a cikin kwamfutar, wani dogon layi da ke cika da launi gwargwadon wurin da manhaja ta cinye.

“Ashe akwai sikelin,” in ji Baba, “ɓoye mini ka yi.” Ya jawo kujera ya gyara tabarau, ya ce daga nan kuma aikinsa ne.

Suka gwada ta cikin na ƙarfen. Gwaggo ta tashi kafin a ƙifta ido, amma fuskarta baƙa ƙirin, babu hoto babu kibiya, sai wani ɗan farin tsinke yana ƙyafta ido a sama yana jiran a rubuta masa umarni da wani yare na masu gyara. Injiniya ya buga wasu haruffa, lamba ta fito, ya ce wannan kusan ba ta cin komai. Baba ya ce ya gani, amma wannan ba rashin nauyi ba ne, yunwa ce, kuma shi ba zai koyi sabon yare da furfura ba don ya buga sanarwar shara.

Ta cikin baƙin filashin ba ta da kwalliya ko ta anini. Fuska ruwan toka, 'yan hotuna ƙanana a gefe, wurin rubutu fari fes. Baba ya buɗe ma'aunin ya zuba masa ido, launin ya ɗan taso ya tsaya tun bai kai rabi ba. Ya buɗe wurin rubutu, launin ya ƙaru kaɗan ya sake tsayawa. Ya danna harafi, harafin ya fito tun yatsansa bai ɗago ba, har ya ɗan ja da baya. Saura firinta, wadda ita ma tsohuwa ce mai zaɓen abokin magana. Ta yi musu gardama, Injiniya ya lallashe ta da 'yan dabaru, can sai ta yi gyaran murya ta turo takarda. Baba ya karɓa, hannunsa ya yi sama da ƙasa da ita, ya ce wannan ta yi.

Kafin a zuba ta dindindin sai da Injiniya ya kwashe duk takardun Baba ya adana a gefe, don sabuwar in za ta shiga sai ta share ɗakin tas. An yi asarar ɗan kiɗan da Gwaggo ke yi in ta farka, wanda Baba ya saba ji tun daga bakin ƙofa. Ya ji zafin wannan, bai ɓoye ba, amma ya ce a ci gaba.

Ranar da za a kawo inji Baba ya riga kowa zuwa. Ya danna maɓalli, ya juya zai fita zagaye kamar kullum, bai kai ƙofa ba Auta da ke shigowa ta ce masa Gwaggo fa ta tashi. Ya waiwaya, ga ta nan ido biyu tana kallonsa. Abin har ya ɗan ɓata masa rai, kamar ka je tashin mutum ka tarar ya riga ka yin wanka. Mai gidan hayar nan ta zo wucewa ya kira ta, ya buga mata sanarwa kafin ta gama labarin ɗan haya na farko, ta fita tana waiwaye kamar an kore ta.

Da hantsi masu kawo kaya suka sauke injin, ya fi yadda Baba ya zata girma. Ya dube shi, ya dubi shagon, ya ga ko Gwaggo ta iya tashi sama babu wurin da zai ɗauki wannan abu sai teburinsa. Duk wahalar nan ashe a banza. Ya fara tattara duwatsun tagulla yana zubawa a aljihu, a hankali, don kada a ce sai da aka ce ya tashi.

Bai ankara ba sai ga kafinta ya shigo da katako a kafaɗa. Ashe tun ranar da aka yi awon filashi Auta ta sa shi ya auna bango. Ya kafa kanta mai ƙwari daidai gefen teburin, aka kwashe kwalayen takarda aka tura ƙarƙashi, aka ɗora injin a sama, inda mai zaune a kujerar kusurwa zai miƙa hannu ya kai gare shi ba tare da ya tashi ba. Auta ta sa takardar gwaji, ta fito da zafi tana ƙyalli, amma tana shan iska sai ta lanƙwashe kamar ɓawon ayaba. Ta sake sa wata, haka. Mai kawo injin ya ce ai sai an danne ta da abu mai nauyi har ta huce.

Auta ta juyo ta ga aljihun mahaifinta ya rinjayi rigarsa gefe guda. Ta dubi teburin da babu duwatsu, ta dubi fuskarsa, nan take ta gane abin da ya kwana yana ci masa rai duk makon nan. Idonta ya kawo ruwa, ta yi saurin mayar da shi.

“Baba, ina za ka da su? Ni da Gwaggo nake faɗa, ba da kai ba.” Ta miƙa masa takardar mai zafi. “Wannan aikin nauyi yake so, kuma duk shagon nan kai kaɗai ke da shi.”

Baba ya karɓa. Ya zauna a kujerarsa, ya shimfiɗa takardar, ya fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a kusurwoyinta huɗu, babban a tsakiya. Da ta huce ya ɗaga, ta fito a miƙe sumul. Injiniya, da ke leƙe daga ƙofa, ya ce haka ne Baba, wannan karon kuwa da gaskiyarsa.

Washegari da safe Baba ya danna maɓalli, Gwaggo ta buɗe ido nan take, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba ya sa kai waje. Ya leƙa tela, ya tsaya wajen mai aski, ya sha shayinsa a tsaye bai rage ko kurɓi ba. Yana dawowa, tun daga bakin taga ya ji wani mutum yana tambaya ko ba za a rufe masa takardarsa yanzu ba, ga inji ga kwamfuta duk a kunne.

“Zauna ka jira Baba,” in ji Auta. “Kusurwar tasa ce. Ita ma Gwaggo shi take jira.”

Baba ya ɗan tsaya a waje ya share ido da bakin hannun riga, ya gyara hula, sannan ya shiga da sallama.